Daga agwagwar Janguza zuwa tashar jirgin Landan: Darasin killace dabbobi ga manoman Watari

A watan Disamban 2024 wani matashi daga Ƙaramar Hukumar Gwale a birnin Kano ya je kasuwar Janguza da ke Ƙaramar Hukumar Tofa, ya sayo agwagwa guda ɗaya, ya dawo gida ya sake ta cikin kajinsa da zabinsa. Ba a daɗe ba tsuntsayen suka fara numfashi da ƙyar, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Bayanin da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta fitar a watan Janairun 2025 ya nuna cewa 35 daga cikin 50 sun mutu, kuma gwajin da aka yi bayan ya kai ƙorafi asibitin dabbobi na Gwale ya tabbatar da cewa murar tsuntsaye ce.

Matashin ya cancanci yabo da ya kai rahoto, domin da yawa a irin halin da ya shiga sukan kwashi sauran kajin su kai kasuwa kafin su ƙare. Sannan abin da ya yi tun farko shi ne abin da ake yi kowace ranar kasuwa a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari a Ƙaramar Hukumar Bagwai, da maƙwabtansu na Bichi da Shanono da Tsanyawa: a sayo dabba da hantsi, kafin magariba tana cin dusa a kwarya ɗaya da dabbobin gida.

A wasu ƙasashe, musamman waɗanda teku ya kewaye, wannan ɗan lokaci da ke tsakanin isowar dabba da haɗuwarta da sauran dabbobi shi ne aka gina doka sukutum a kansa. Duba yadda suke yi, da dalilin da ya sa suke yi, zai nuna abin da yankin noma irin Watari zai iya ɗauka da abin da ba zai yi masa amfani ba.

Yadda tsibirai ke tsare ƙofarsu

Ɗan Najeriyar da ke son tafiya Birtaniya da karensa ko kyanwarsa sai ya fara shiri aƙalla wata huɗu kafin ranar tafiya. Da farko za a dasa wa dabbar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lambar shaidarta. Daga nan a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Bayan aƙalla kwana 30 a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, domin a tabbatar rigakafin ya kama. Idan sakamako ya yi kyau, sai a ƙara jiran wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Kare kuma sai an ba shi maganin tsutsar ciki tsakanin kwana ɗaya zuwa biyar kafin isarsa. Wanda ya sauka a Landan ba tare da cika waɗannan sharuɗɗa ba, ana iya killace dabbarsa har tsawon wata huɗu, kuma shi zai biya kuɗin ci da kwananta.

Ostireliya ta fi haka tsanani. Ba ta karɓar kare ko kyanwa kai-tsaye daga ƙasashen da ba ta amince da tsarin lafiyar dabbobinsu ba, Najeriya kuwa tana cikinsu. Sai dabbar ta zauna kwana 180 a wata ƙasa da aka amince da ita, sannan idan ta isa a ajiye ta aƙalla kwana 10 a cibiyar killacewa ta Mickleham da ke kusa da birnin Melbourne. A 2015 ɗan wasan fim na Amurka Johnny Depp ya shiga ƙasar da ƙananan karnuka biyu a jirgin sama na haya ba tare da bin ƙa'ida ba. Ministan noma na lokacin, Barnaby Joyce, ya ba da wa'adin 'yan kwanaki a fitar da su ko a kashe su, kuma aka fitar da su. A tsibirin Hawai na Amurka, dabbar da ba ta cika sharuɗɗa ba kan yi kwana 120 a killace. Japan ma tana iya tsare ta har kwana 180.

Dalilin tsawon waɗannan kwanaki yana cikin yanayin cutar kanta. Ƙwayar ciwon haukan kare kan ɓuya a jiki ba tare da wata alama ba, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci kusan shekara. Kare mai ƙoshin lafiya a ido yau yana iya zama mahaukaci bayan wata biyu. Duban likita na minti biyar a filin jirgi ba zai gano hakan ba, shi ya sa ake haɗa rigakafi da gwajin jini da jira.

Teku kaɗai ba ya tsare kowa

Mai karatu zai iya cewa waɗannan ƙasashe Allah ne Ya kewaye su da ruwa, don haka aikinsu mai sauƙi ne. Tarihi bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. Birtaniya ta kawar da ciwon haukan kare a 1902 bayan shekaru ana tilasta sa wa karnuka takunkumi, ana kama waɗanda ba su da mai su, ana kuma killace masu shigowa har wata shida. A 1918 sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko suka shigo da karnuka a ɓoye, cutar ta dawo, sai a 1922 aka sake shawo kanta. Japan ta kafa dokar da ta wajabta yi wa karnuka rajista da rigakafi a 1950, kuma tun daga 1957 ba a ƙara samun cutar a dabbobin cikin ƙasar ba. A duka ƙasashen biyu, sai da aka share cikin gida sannan tsaron ƙofa ya yi ma'ana.

Tsibirin Bali na Indonesiya ya nuna ɗaya ɓangaren. Babu ciwon haukan kare a can har zuwa 2008, lokacin da cutar ta shiga, ana kyautata zaton ta hanyar karen da aka tsallako da shi a jirgin ruwa daga wani tsibiri. Yawancin karnukan Bali ba su da rigakafi, don haka cikin shekara uku mutane fiye da 100 suka mutu. Hukumomi sun fara da kisan karnuka barkatai bai yi magani ba, sai da aka koma yi musu allura gida-gida daga 2010 sannan adadin mamatan ya ragu.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa biyan bashin sakacin da aka yi a wata tashar jirgin ruwa mai nisa. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da cutar bushiya a tashar Massawa da ke Eritiriya ta yau. Cikin 'yan shekaru annobar ta ratsa nahiyar ta iso yankin Tafkin Chadi da Daular Sakkwato, inda a wurare da dama ta kashe takwas ko tara cikin kowane shanu goma. Ta sake dawowa Najeriya da ƙarfi a 1983, abin da dattawan Fulani ba su manta ba har yau. Sai a 2011 aka ayyana kawar da ita daga duniya, kuma allurar rigakafi ce ta yi wannan aiki.

Doka tana nan, iyaka ce ba ta rufuwa

Najeriya ba ta rasa dokar killace dabbobi ba. Akwai hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, wato NAQS, mai ofisoshi a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da wasu iyakokin ƙasa, wadda ke duba takardun dabbar da za a shigo da ita ko a fitar. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Yaƙi da Cututtukan Dabbobi, wadda ta maye gurbin ta 1988. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya.

Sai dai karen da ke sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da takardunsa ɗigo ne cikin kogi idan aka kwatanta da dabbobin da ke shigowa ta ƙasa. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangi ne. Raguna da awaki da shanu da raƙuma suna shigowa ta Maigatari da Jibiya da Illela, su bi ta kasuwannin Dambatta da Wudil su watsu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya ta tanadi takardar shaida mai nuna yawan garke da rigakafin da aka yi masa, amma makiyaya kaɗan ne suka taɓa riƙe ta. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a watan Janairun 2025 ta ƙara raunana wannan tsari.

An ga sakamakon haka sau da dama. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma cikin kwanaki aka same ta a gonakin Kano. Ta dawo a 2015, Kano na cikin jihohin da suka fi tafka asara. A watan Yulin 2023 aka tabbatar da ciwon saifa a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja, makonni kaɗan bayan ɓullarsa a arewacin Ghana. Duk wanda ke jiran ranar da za a tsare iyakar Najeriya kamar ta Ostireliya zai daɗe yana jira.

Inda Watari take cikin wannan lissafi

Madatsar ruwa ta Watari, wadda aka kammala a 1980, ta mayar da yankin wurin noman rani na shinkafa da tumatir da albasa da masara. Wannan albarka ita ce kuma take tara dabbobi wuri ɗaya. Da rani garkunan makiyaya na nesa sukan zo neman ruwa da ragowar amfanin gona, su sha a mashaya ɗaya da shanun noman mazauna wurin. Tsuntsayen ruwa na daji, waɗanda aka sani suna ɗaukar murar tsuntsaye ba tare da ta kayar da su ba, sukan sauka a manyan ruwaye irin wannan, inda agwagin gida ke kiwo.

Yankin cike yake da jama'a, gona na manne da gona, gida na jingine da gida. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke saboda shuka, amma da zarar an kawar da amfani sai a sake su, dabbobin unguwa su zama garke ɗaya. Kajin gida kuwa ba su san katanga ba. A irin wannan zama, akuyar da mutum ɗaya ya sayo da ciwo ta zama matsalar unguwa baki ɗaya.

Kuma asarar ta fi faɗa wa mata. A yawancin gidajen karkarar Kano, akuya da tunkiya da kaji su ne asusun matar aure. Da su take haɗa kayan ɗakin 'yarta, da su take biyan kuɗin asibiti idan ciwo ya zo ba shiri. Matar da ta sayi ɗan rago ta turke shi wata shida tana jiran kasuwar Babbar Sallah, idan annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR ta shigo gidanta, jarinta na shekara ne ya tafi cikin mako guda.

Karen da ba shi da mai shi

Batun kare ya fi na sauran dabbobi nauyi, domin a nan rai ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta hanyar cizon kare ne, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomin cutar sun bayyana a jikin mutum, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira.

A ƙasar Hausa ba a ɗaukar kare abokin zama a ɗaka kamar yadda Turawa ke yi. Aikinsa gadi ne da farauta da rakiyar garke. Yakan kwana a ƙofar gida ko a gona, ya ci abin da ya samu. Saboda haka kare yana da gidan da yake komawa, amma sau da yawa babu wanda ya ɗauki nauyin lafiyarsa. Ga shi kuma karnuka suna tafiya mai nisa: mafarauta sukan loda su a mota da rani su tsallaka jihohi, fatake kuma suna tattara su daga jihohin Arewa zuwa kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can a wuce da su Kudu. Babu mai tambayar takardar rigakafinsu a hanya.

A nan killacewa ba za ta wadatar ba, domin babu manomin da zai ɗaure kare wata uku yana jira. Misalin da ya dace shi ne na Meziko, ƙasar da ba tsibiri ba ce, mai doguwar iyaka ta ƙasa da Amurka da Guatemala. A 1990 mutum 60 suka mutu a can sakamakon cizon mahaukacin kare. Gwamnati ta riƙa yi wa karnuka allura kyauta a kowace shekara, zuwa 2006 adadin ya koma sifili, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da ta cika sharuɗɗan kawar da wannan matsala. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Najeriya tana da shirin ƙasa na 2022 zuwa 2026 kan wannan manufa, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kuma tana sarrafa allurar. Abin da ya rage shi ne allurar ta iso ƙauye a kan kari, ta dawo baɗi, ta sake dawowa baɗin baɗaɗa.

Abin da gida zai iya, da abin da sai hukuma

Ɓangaren dokar tsibirai da kowane gida a Watari zai iya ɗauka shi ne na jira. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a ware sabuwar kaza ko agwagwa ko zabuwa aƙalla mako biyu, wasu su ce har wata guda, akuya da tunkiya kuwa kimanin mako uku. A ɗaure ta nesa da turken gida, a ba ta kwaryar ruwa da ta abinci daban, a fara ciyar da dabbobin gida sannan a je wurinta, a wanke hannu bayan an taɓa ta. Dabbar da aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, ita ma baƙuwa ce, domin ta yini cikin ɗaruruwan dabbobin da ba a san daga inda suka fito ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin ya zo a ingantaccen hadisi cewa an hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da lafiyayyu a mashaya.

Idan kare ya ciji mutum, abu na farko shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar domin fara allura, ko da ciwon ƙarami ne. Idan an san karen kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 malamin dabbobi yana duba shi. Idan an riga an kashe shi, a sanar da malamin dabbobi kafin a binne, domin a iya gwada ƙwaƙwalwarsa. Jiran a ga alama kafin a je asibiti shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa.

Sauran aikin na hukuma ne. Kasuwannin dabbobi suna da shugabanni da dillalai da suka san kowane mai kawo kaya, kuma gwamnati tana karɓar kuɗin shiga a kan kowane kai. Ya kamata wani kaso na wannan kuɗi ya koma ajiye malamin dabbobi a bakin kara ranar kasuwa, da ɗan shinge da za a ware dabbar da ake zargi. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta tana yaye matasan da suka koyi lafiyar dabbobi, da yawansu suna neman aiki. Shirin KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, ya riga ya gudanar da rigakafin shanu da awaki da tumaki kyauta a jihar. Ƙara karnuka a cikin irin wannan zagaye, tare da hakimai da dagatai da sarakunan mafarauta, ya fi kafa sabon shiri arha.

Akwai kuma batun diyya. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta fara da biyan Naira 250 a kan kowace kazar da aka halaka saboda murar tsuntsaye, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba. Muddin mai kiwo ya san cewa kai rahoto na nufin a kashe masa dabbobi a bar shi da hannu biyu, zai zaɓi ya sayar da su da gaggawa, cutar kuma ta koma gidan wanda ya saya. Diyyar da ta yi daidai da asara, wadda kuma ake biya a kan lokaci, ita ce za ta sa talaka ya riƙa faɗin gaskiya.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Watari, bangon da za a iya toshewa yanzu shi ne na tsakanin ƙofar zaure da akurki, da na tsakanin bakin kasuwa da turken dillali. Da agwagwar Janguza ta yi mako biyu ita kaɗai a cikin kwando a bayan ɗaki, mai yiwuwa da asarar matashin nan na Gwale ba ta kai tsuntsaye 35 ba.